Malamin Gita Yana Yabona Kan Kiɗan Da Ba Nawa Ba

Zuwa ga Gwaggo Asma'u,

Assalamu alaikum. Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure, kuma na rasa wanda zan faɗa wa maganar nan a garinmu ba tare da ta riga ni isa gida ba. Ni mushe ne, wato malamin makaranta, ina koyarwa a wata lakwal ta yara a nan Madarunfa, shekaruna sun doshi arba'in. Sunayen da za ki gani duk na sauya su.

Tun ina makarantar horon malamai nake sha'awar gita, Allah bai nufa ba. Sai bara, da yajin aiki ya yi tsawo muka zauna gida ba aikin fari balle na baƙi, wani abokina mai zuwa Jibiya ya samo mini wata tsohuwar gita. Na ce gemu ba ya hana ilimi. To amma mai koyarwa babu shi a nan, sai aka haɗa ni da wani makaɗi a Maraɗi, Sa'idu, muka shirya yadda za mu yi. Kaset guda gare mu. Shi zai ɗauki darasi a fuskar farko, ya ba Abdu direba ya kawo mini ran Juma'a. In na gwada iya gwadawata, sai in ɗauki abin da na koya a ɗaya fuskar. Da yake Abdu yana biyowa ta ƙofar gidanmu ran Litinin bayan na tafi lakwal, sai in bar wa mai ɗakina Ramatu kaset ɗin ta miƙa masa. Sa'idu ya saurara, ya goge fuskokin duka biyu, ya ɗora sabon darasi. Wanda ya wuce ya wuce ke nan, ba ni da inda zan koma in same shi.

Gwaggo, na sha wuya. Yatsun nan nawa alli suka sani. Tsirkiya ta yanka mini su har rubutu a allo ya zama aiki. Akwai abin da suke kira akor, wato ka danne tsirkiya uku ko huɗu lokaci guda. Ni kafin in tashi daga wani akor in koma wani sai na tsaya cak, na leƙa, na jera yatsu ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci har da taimakon ɗaya hannun. Kafin in ajiye yatsa na uku, Sa'idu ya gama darasi yana yi mini sai wani jiƙon. In cire kaset, in zura bik, wato biro, in juya shi baya da hannu don kada pil, batirin rediyo, ya ƙare, in sake farawa. Haka nake yi kullum bayan la'asar har kaji su shiga akurki.

Da farko Sa'idu yana lallashina, yana cewa in bi a hankali. Sai wajen tsakiyar damina magana ta sauya. Ya ce hannuna ya buɗe. Mako na gaba ya ce bai taɓa ganin ɗan koyo irina ba. Na ce a raina daɗin baki ne irin na maroƙa, sun saba wasa mutum. Amma darasi ya riƙa ƙara wuya, yana ƙara sauri, ni ko na watan jiya ban riƙe ba. Na roƙe shi a cikin gaisuwar da nake fara ɗauka da ita ya sassauta mini, ya aiko yana dariya wai tawali'una ya yi yawa. Wallahi har na fara zargin kunnena, ina cewa halan abin da nake kaɗawa ya fi yadda nake jin sa.

Juma'ar da ta wuce kaset ya zo. Sa'idu ya ce wannan karon ya kasa goge ɗaya fuskar, don ya yi kyau ƙwarai, har ya kunna wa abokan kiɗansa. Kuma ya ba da sunana cikin waɗanda za su yi wasa a gidan matasa na Maraɗi ranar fet, bikin jamhuriya na sha takwas ga Disamba. Na juya kaset, karo na farko ke nan da zan ji abin da ke isa hannunsa.

Muryata ce ta fara, ina gaishe shi kamar yadda na saba. Sai na ji ƙas, alamar an danna madannin ɗauka a kan abin da ke ciki. Abin da ya biyo baya, Gwaggo, ba ni ba ne. Kiɗa ne tsaf, babu tsayawa, babu laluben yatsu, darasin da ya hana ni sakat ana tafiya da shi kamar wasa. Kuma duk sa'ad da hannu ya sauka a tsirkiya, akwai ƴar ƙarar awarwaro a ƙasa-ƙasa. Ni na sayo wa Ramatu awarwaron nan da hannuna a Ɗan Issa. Na zauna a kan tabarma baki buɗe, na ma kasa kashe rediyon. Ashe ina zaton wuta a maƙera, ta tashi a masaƙa.

Bari in gaya miki wace ce Ramatu. Mahaifinta, Allah ya jiƙansa, mai gurmi ne a Safo, shi ke yi wa ƴan kokawa da masu gayya kiɗa. Mu gidanmu gidan fatake ne, kuma Hajiya mahaifiyata ta yi ta ƙin auren, tana cewa ba za a kawo mata ɗiyar maroƙa ba. Da ƙyar kawunnaina suka shawo kanta. Tun ranar da Ramatu ta shigo gidan nan, fiye da shekara goma, ban taɓa jin ta rera waƙa ba. Ko lugude ba ta yi in tana daka tare da mata, takan buga taɓaryarta shiru ta gama. Har Hajiya ta sauko, yanzu takan ce da baƙi surukarta ba ta ɗauko halin gidansu ba. Ni kuwa na ɗauka abin bai dame ta ba ne. Ban san ta taɓa riƙe gurmi ba, balle gita.

Da ta kawo mini abinci na kunna mata kaset ɗin. Ta ajiye kwano, ta tsaya tana sauraro. Daga baya ta ce ranar farko sauraro kawai ta yi, ta ji abin da zan aika, ta tuna yadda makaɗa ke zama su yi wa ɗan koyo dariya, don ta gani a zauren babanta, sai zuciyarta ta ƙi, ta ɗauki gitar ta kaɗa a madadina. Wai sau ɗaya ta yi niyya. Ni kuma raina ya ɓaci, na faɗi maganar da ba ta dace ba, na ce ta mai da ni abin wasa a gidana. Washegari na ɗauki gitar na kai lakwal na kulle a kabad. Tun ranar sai gaisuwa da kai ruwan alwala, gidan ya yi tsit.

Abin da ban gaya wa kowa ba, na kai rediyon da kaset ɗin lakwal su ma, kuma da an tashi yara nakan rufe aji in saurara. A ƙarshen kiɗan ta saki darasin Sa'idu ta shiga wani sauti na babanta, wanda na taɓa ji a filin kokawa tun kafin in san ta. Tsigar jikina takan tashi. Ina jin haushinta, ina jin kunya, kuma ban taɓa jin abin da ya yi mini daɗi kamarsa ba.

Yanzu fet ta matso, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In na hau dandamali na tozarta gaban mutanen Maraɗi, har da iyayen ɗalibaina masu zuwa kallo. In na gaya wa Sa'idu gaskiya, makaɗi ba ya riƙe irin wannan labari, zai bi motar Abdu ya iso kunnen Hajiya, abin da Ramatu ta yi shekaru tana ginawa ya rushe. In ce ba ni da lafiya? In sayar da gitar in huta? Ki gaya mini yadda zan fita kunyar nan.

Naki,
Mushe Mai Taurin Yatsu,
Madarunfa, Nuwamba 1995

Mushe,

Wa alaikumus salam. Na karanta wasiƙarka sau biyu, na farko na riƙe baki, na biyu na yi murmushi. Kwantar da hankalinka, ba a yi mutuwa ba, kuma abin da ya lalace bai kai yadda kake gani ba.

Bari in fara da inda kake da gaskiya. Ramatu ta yi kuskure. Ta yi watanni tana aika abu da sunanka ba da saninka ba, ta bar ka kana zargin kanka da kunnenka, kuma ita ce sanadin gudun da darasi ya riƙa yi, don Sa'idu hannunta yake aunawa yana yanka maka riga. Kana da damar jin zafi, kuma kana da damar gaya mata kada ta sake. Amma ka duba abin da ya kai ta. Wadda ke son ta mai da miji abin wasa, kaset ɗinka za ta bari ya tafi yadda yake. Ita rufa maka asiri ta tashi yi, ta yi shi ta hanyar da ba ta ɓulle ba. Kai ma da ka kulle gita a kabad, hukunci ka yanke cikin fushi.

Maganar fet mai sauƙi ce: ba za ka hau ba, kuma ba za ka ƙirƙiri ciwo ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in ka tsere wa Disamba wata fet ɗin na nan tafe. Ka shiga mota ka tafi Maraɗi da ƙafarka, kada ka ba da saƙo. Ka keɓe da Sa'idu ka ce masa kiɗan da ya ji ba hannunka ba ne, wani ne ya taya ka, kuma kana roƙon ya cire sunanka. Ba dole ne ka faɗi ko wane ne ba. Gaskiyar da ke wuyanka ita ce ba kai ba ne. Sunan mai hannun kuwa sirrin Ramatu ne, ba ka da ikon bayar da shi sai da yardarta. Za ka ji kunya na ɗan lokaci gaban mutum ɗaya, ya fi ka ji ta gaban gari. Ka ɗauki gitar ka kaɗa masa a nan take, ya ga ainihin inda kake, ku koma can ku faro. Ku ƙara kaset na biyu, domin darasin da bai zauna ba ya tsaya a hannunka har ya zauna. Mai koyo a shekarunka da yatsu masu ciwo ba daƙiƙi ba ne, haka kowa ke farawa. Gudun da ya gagare ka ba naka ba ne tun asali.

Hajiya kuma a bar ta da girmanta. Ba ƙarya za ku yi mata ba, amma ba duk abin da ke tsakanin miji da mata a cikin ɗakinsu ake kai wa uwa ba. In wata rana magana ta iso gare ta, kai za ka tsaya a gaba ka ce da saninka ne, kada ka bar matarka ta amsa ita kaɗai.

Yanzu ga abin da ya tsaya mini a rai. Ka ce da Sa'idu ya yabe ka, ka ɗauka daɗin baki ne irin na maroƙa. Ka ji bakinka? Maganar Hajiya ce ta fito ta cikinsa ba ka sani ba, kuma ina tabbatar maka Ramatu ta sha jin irinta a gidan ta haɗiye. Wasiƙarka tun daga sama har ƙasa tambaya ɗaya take yi, yadda kai za ka fita kunya. Ba ka tambaya ba yadda mace ke yin shekara goma tana danne abin da ta tashi a cikinsa don a zauna lafiya da danginka. Ta ce maka sau ɗaya ta yi niyya. Na yarda da ita. Na farkon domin kai ta yi shi. Sauran, ina jin ta tarar da babanta ne a cikin tsirkiyar ta kasa saki.

Saboda haka kafin Maraɗi, ka fara da gida. Ka buɗe kabad ɗin nan ka mayar da gitar. Ka ba ta haƙuri kan maganar da ka faɗa, ka saurari nata haƙurin. Sa'an nan ka gaya mata abin da ka gaya mini, ni baƙuwa da ban taɓa ganinka ba: cewa kana rufe aji kana sauraronta, kuma ba ka taɓa jin abin da ya yi maka daɗi kamarsa ba. Ita ta fi ni cancantar jin wannan. Kada ka tilasta mata ta koya maka, kada ka tilasta mata ta kaɗa. Ka miƙa mata kawai, ka tambaye ta ko tana so. Ina jin tun da aka kawo ta gidan nan babu wanda ya taɓa yi mata wannan tambaya.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya ƙara rufa muku asiri, ya kuma sassauta maka yatsu. Ka gaida mini Ramatu da kyau.

Gwaggo Asma'u