Tsakuwar Muntaka

Asabar, 27 ga Afrilu, 2024

Likita ya ce ciwon suga ba ya son mai zama, ni kuwa zama ne sana'ata: daga kujerar aji sai bencin shagon Sulle tela, daga nan sai tabarmar tsakar gida. Hamida ta ɓoye sukari kamar ɓarawo ta aura. To, yau na soma abin da aka umarce ni. Sulle ya ɗauke ni a babur daga Karaye har wajen Zoza, inda akwai wani dutse da ake kira Dutsen Kurma. Daga ƙasa ba ya cika ido, sai da na kama hawa na san raini na yi. Gumi har cikin takalmi. Sulle yana gaba yana cewa, "Malam Sadiƙ, wannan tumbin kai ka tara shi, kai za ka ɗauke shi." Zan rama.

A gindin dutsen akwai wani falalen dutse mai faɗi. Wani dattijo mai gona a wurin, Baba Dogara, ya tsayar da mu. Ya ce duk mai hawa sai ya ɗora tsakuwa ɗaya a kan falalen, in ya sauko ya ɗauke abarsa. Dalili, a saman nan ko ka tsaga maƙogwaro da ihu ba mai jin ka daga ƙasa, waya ma ba ta kamawa. In rana ta yi sanyi aka ga tsakuwa ta saura, an san akwai wanda bai sauko ba, sai a bi sawu. Kuma ba mai taɓa ta wani. Na ce wannan dabara ce, ba camfi ba. Muka ɗora.

Akwai wata baƙar tsakuwa a cikin ɗan kwarmi a tsakiyar falalen. Na tambaya ta waye. Ya ce, "Ta Muntaka ce," ya koma kan fartanyarsa.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Ruku'u da ƙyar. Hamida sai dariya.

Asabar, 4 ga Mayu

Mun kai ƙololuwa. Ana hango gonaki an share ana jiran ruwa, da rufin kwanon Rogo can nesa. Na gwada maganar Baba Dogara, na ƙwala wa Sulle kira yana ɗan gabana. Bai waiwayo ba. Ni kaina muryar ta fito mini kamar na yi magana a cikin matashi. Ban so abin ba.

Da muka sauko mun tarar da wata tsohuwa a bakin falalen, ta sunkuya tana shafa kwarmin nan da yatsu. Idonta ya yi hazo. Muka gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Baba Dogara ya ce Inna Tani ce, uwar Muntaka. Yana saurayi ya hau neman wata akuya washegarin ruwan farko, tun ana mulkin soja, akuyar ta dawo, shi bai dawo ba. An kwashe mako ana nema, ko takalminsa ba a gani ba. Kullum da la'asar sai ta zo ta shafa. Ta ƙi a yi masa sadakar mamaci, ta ce wanda bai sauko ba ai bai mutu ba.

Tausayinta ya hana ni cin tuwo sosai. Ko da yake tuwon ma na alkama ne, ba a rasa komai ba.

Asabar, 18 ga Mayu

Jiya aka yi ruwan farko. Sulle ya ce shi yana da ɗinkin biki, kuma kada in je, dutse da santsi. Na ce masa tsoro ne kawai irin na masu zaman keke. Na hau acaba ni kaɗai.

Hawan ya yi daɗi, ba ƙarya. Ƙamshin ƙasa, iska mai sanyi, dutsen yana sheƙi. Ina sama yayyafi ya sake saukowa. Wajen saukowa akwai wani gangare sumul da yaran ƙauyen ke zamiya a kai da buhu, na ce bari in gajarce hanya. Na zauna na saki jiki. Wallahi da fari sai da na yi dariya, rabona da irin wannan tun ina firamare. Daga baya abin ya fi ƙarfina, na tafi suuu har sai da wata sabara ta tare ni. Wando ya yage, gwiwar hannu ta saluɓe, ga jiri, ban ci komai ba tun safe. Na lallaɓa zuwa falalen, duk tsakuwoyin sun jiƙe sun yi baƙi iri ɗaya. Na sunkuya na ɗauki tawa, na jefa a aljihu, na nemi acaba.

Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Kada Sulle ya ji.

Litinin, 20 ga Mayu

Hamida za ta wanke wandon ta zaro tsakuwa. Baƙa ce sumul, gefe ɗaya ya yi fari inda ya daɗe bai ga rana ba. Tawa ja ce mai kaushi, na tuna sarai, don na zaɓe ta ne saboda kamarta da goro.

Talata, 21 ga Mayu

Sulle ya zo da labari daga wani abokin cinikinsa ɗan Zoza. Ranar Asabar da yamma an ga baƙuwar tsakuwa ta saura, maza suka bar gonakinsu suka hau nema cikin santsin nan har magariba. Wani ma ya gurɗe ƙafa. Kunya kamar in nutse. Amma ba shi ne abin da ya tsaya mini ba. Inna Tani ta zo ta shafa, ta ji kwarmi wayam. Wai ta miƙe tsaye ta ce, "Ya sauko." Ta koma gida ta share ɗakinsa, ta ɗora tukunya.

Na ɗauko baƙar tsakuwar na nuna wa Sulle. Ya ce, "Kai ka san abin da ka yi kuwa? A lissafin mutanen nan Muntaka yana ƙasa, kai kana sama." Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya bari.

Alhamis, 23 ga Mayu

Hamida ta ce sau uku ta kira ni ina zaune a tsakar gida ban amsa ba. Ban ji ba. A aji ma 'yan baya sun ce ba sa jin muryata. Mura ce, ruwan nan ya dake ni.

Asabar, 25 ga Mayu

Na je mayarwa. Na fara ba Baba Dogara haƙuri, na je na duba wanda ya gurɗe ƙafar. Sannan muka nufi falalen. Tsakuwata ja tana nan, amma ba inda na ajiye ta ba. Tana cikin kwarmin, ta zauna daram. Baba Dogara ya rantse ba wanda ya taɓa. Na ce ruwa ne ya gangaro da ita. Ya ce, "To."

Na ce bari in ɗauke tawa, in riƙe ta Muntaka, a bar falalen ba komai, kowa ya huta. Ya girgiza kai. "Malam, mutum ɗaya ba ya saukowa sau biyu. In za ka ɗauki taka, sai ka mayar da tasa inda take. Ka zaɓa."

Na sa hannu a aljihu ke nan sai ga Inna Tani. Baba Dogara ya ce tun ranar ba ta sake zuwa wurin ba sai yau. Ta wanke zaninta, ta shafa mai. Bai ɓoye mata ba, ya ce mata ga malamin Karaye da ya yi kuskure. Ta matso ta shafa fuskata da hannu biyu, tafinta sanyi ƙalau. Ta ce, "Ka yi ƙiba." Na ce, "Inna, sunana Sadiƙ." Ta ce, "Na ji. Taho ka ci abinci, tun yaushe yake jiran ka."

Tuwon dawa miyar kuka. Likita ya hana, na cinye tas. Ta zauna tana sauraron yadda nake ci. Maƙwabciyarta ta raɗa mini cewa shekara da shekaru ba su ga tsohuwar ta yi barcin kirki ba sai makon nan.

Na dawo da baƙar tsakuwar a aljihu. Mako mai zuwa, in Allah ya so.

Laraba, 29 ga Mayu

Asibiti. Likita ya ce suga ya sauka sosai, me nake yi haka? Na ce hawan dutse. Ya ce in ci gaba.

Asabar, 1 ga Yuni

Na hau ni kaɗai. Ban ɗora sabuwar tsakuwa ba, tunda akwai tawa a wurin. Abin mamaki, ko haki ban yi ba. Na bi ta wata tsaga a bayan dutsen, na ɓulla wani ɗan kududdufi a ƙarƙashin wata itaciyar gamji. Ba wanda ya nuna mini hanyar, ƙafata ce kawai ta bi. Na zauna na ga kamar ɗan jim ne, ina dubawa rana ta karkata. Azahar ta wuce ni a can, ban ji kiran salla ba.

Na biya na gaida Inna. Ta ce gonarta ta bayan gida tana son noma. Na ce Asabar.

Talata, 4 ga Yuni

Mun yi faɗa da Hamida. Na dawo daga makaranta na yi sallama na zauna a bakin ƙofar ɗaki. Ta wuce ni sau biyu da tsintsiya, sannan na ji tana gaya wa maƙwabciya ta kan katanga wai Malam bai dawo ba tukuna. Da na yi gyaran murya ta yar da tsintsiyar. Ta ce, "Malam, ka mayar wa mutane da abinsu. Ni ban yarda da camfi ba, amma tun ranar da tsakuwar nan ta shigo gidan nan kana nan kamar ba ka nan." Na ce ta je ta shafa kwarmin da kanta, ta ga fuskar tsohuwar, sannan ta zo ta faɗa mini haka. Ta ce, "Ita ta rasa ɗa, sai ni in rasa miji?" Ta yi kuka. Ta sa na yi alkawarin mayarwa kafin Babbar Salla.

Tsoro nake ji. A nan kaɗai zan iya faɗa.

Asabar, 8 ga Yuni

Na yi wa Inna noma. Ni da ban riƙe fartanya ba tun ina ɗalibi, na gama gefe guda kafin azahar. Baba Dogara ya tsaya a bakin shinge ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Malam, dama kai bahago ne?" Na duba, fartanyar tana hagu. Na ce gwiwar hannun dama ce ba ta gama warkewa ba. Ya juya ya koma gonarsa. Inna tana daga gindin darbejiya tana murmushi.

Juma'a, 14 ga Yuni

Sulle ya ce in ba shi tsakuwar ya kai. Ba mai taɓa ta wani, ai ya sani.

Litinin, 17 ga Yuni

Washegarin Salla. Na tafi da niyya, Allah ya sani. Na kai wa Inna cinya guda daga ragonmu. Ita kuma ta ajiye mini soyayyen nama daga wanda aka ba ta, a ƙaramin kwano mai murfi, ta ce rabon da ta cire wa wani kaso a Salla har ta manta. An yi mata lalle. Ta ce bana tana so ta ga girbi.

Daga nan na wuce falalen. Na daɗe a tsaye. Jar tsakuwar ta fara yin baƙi, gansakuka ta kama gefenta, in ba ka sani ba sai ka ce ta shekara a wurin. Hannuna yana cikin aljihu. Sai na ji daga can gida Inna ta ɗaga murya, wai na manta kwanon. Da nisa tsakanin, amma na ji ta tar. Sunan da ta kira ba nawa ba ne. Ban san na amsa ba sai da na ji bakina ya ce na'am.

Na gaya wa Hamida na mayar. Ta yi hamdala, ta zuba mini ruwan wanka. Tsakuwar tana cikin tsohon takalmina, ba ta tsare wa kowa komai ba. Bayan girbi zan kai, ai ba wani nisa.

Rubutun yau ya karkace. Hannun dama ne ya gaji, shi ya sa na sauya.