Takardar da na ƙi sa wa hannu

Yaya Bello,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya iyali, ya jikin Inna? Mu nan Mabera lafiya lau, sai dai hankalina a tashe yake.

Ranar Litinin hedimasta ya kawo takarda, wai daga sama take. Duk malamin da ya ƙara zuwa taron ƙungiyar malamai kafin zaɓe, ƙauye za a jefa shi. Kowa ya sa hannu, ni na ƙi. Ya ce, "Malama, ki tuna da 'ya'yanki." Ya ba ni zuwa Alhamis. Yanzu in na shiga ofis, sai hira ta mutu.

Ka gaishe da Inna, amma kada ta ji. Ka sa ni a addu'a, don wallahi ban san abin da hannuna zai yi ranar Alhamis ba.

Ƙanwarka,
Hadiza