Ƙanƙarar Santambul Ta Jira Mu

Zoza, ƙasar Rogo,
Nuwamba, 1988.

Zuwa ga maigidana, mai sunan da bakina ba ya kamawa amma zuciyata take jan sa safe da yamma kamar carbi. Sanyin idona, inuwar tsamiyata, ruwan sabuwar randa ranar zafi, bargona ranar ɗari! Assalamu alaikum. Ina gajiya? Yaya Legas, yaya kwas ɗin gyaran jirgi da ya ƙwace mini kai tun farkon damina, har Babbar Sallah ma bai sake ka ba? Allah ya sa ana fahimta, ya ba ka sa'ar jarrabawa. In ka tambaye mu, lafiya lau muke, sai dai kewarka da ta tare a ɗakina ta ƙi biyan haya.

Wasiƙarka ta same ni shekaranjiya, bayan ita ma ta yi nata yawon duniyar: ta sauka Karaye, ta kwana gidanku a Turawa, sannan aka ba wani dillalin rake ya kawo mini nan. Ina buɗewa katunan hoto suka zubo mini a cinya. Ka ce kamfanin jirgin naku ya ba ka hutun wata guda a Disamba, da tikiti biyu na kyauta, kai da iyalinka, kuma in shekara ta fita ba a hau ba sun mutu ke nan. Ka ce in duba in zaɓi inda za mu ci sanyin bana. Ni Lauratu, 'yar mai mazarƙwaila, wadda iyakar tafiyarta makarantar horon malamai ta Kano, yau ni ake shimfiɗa wa duniya a ce in zaɓa! Wallahi sai da na yi guɗa ni kaɗai, kaji suka watse.

Kai, Allah ya yi halitta! Ga duwatsun Suwizalan fari fat daga gindi har ƙoli, kamar an zazzage musu buhunan auduga, mutane sun ɗaura katako a ƙafa suna sulalowa suna dariya. Waɗannan ba su da iyayen da za su tsawata musu ne? Ga Rum da maɓuɓɓuganta a tsakiyar gari, ruwa yana ta zuba dare da rana, ba wanda ya tara ko tulu ɗaya. Iyata da ta gani cewa ta yi wannan almubazzaranci ne. Ga Alƙahira, wadda ka rubuta a bayan katinta cewa sanyinta mai ladabi ne, ba ya shiga ƙashi, jiragen ruwa masu farin ƙyalle suna yawo a kan Nilu. Amma Santambul! Ya rabin raina, Santambul ita ta tafi da ni. Masallacin nan mai hasumiya shida, dusar ƙanƙara ta kwanta a kan ƙubbobinsa, tantabaru sun taru a farfajiya, ga wani tsoho da jar hula yana sayar da shayi. Na daɗe ina kallo har na ji kamar ana kiran salla daga cikin katin. Da zaɓin a hannuna yake, da ban ƙara duban sauran ba.

To, amma ɗaga idonka ka duba saman takardar nan. Ka ga an rubuta Turawa? Zoza na rubuta, gidanmu. Ba yaji na yi ba, kada gabanka ya faɗi, ba wanda ya ɓata mini. Goyon ciki aka kawo ni. Na rubuta, alƙalami bai karye ba, ƙasa ba ta tsage na shige ba! Wata na bakwai ya shige, ya masoyina, ungozoma ta ce in Allah ya yarda kafin a gama yankan rake za a ji guɗa a gidan nan. Matar da kake so ta hau dutsen Suwizalan, yanzu dokin ƙofa ma sai ta dafa bango take tsallakawa.

Na san za ka ce, yaya aka yi ba wanda ya gaya maka? Yi dariya, don ni na yi har na gaji. Da ka tafi ban tabbatar ba. Da na tabbatar, kunya ta riƙe mini hannu. Duk wasiƙar da na fara sai in ƙare da labarin ruwan sama da yabanya, in ce ai Innarka za ta aika maka. Ita kuwa Inna, kai ne ɗanta na fari, sunanka ma ba ta faɗa, ina za ta buɗe baki ta sa a rubuta maka irin wannan? Ta ɗauka ni na faɗa. Baba na Turawa ya ɗauka zancen mata ne, mata sun gama shi. Iyata kuwa, suruki ne kai, ko hanya kuka haɗa sai ta ratse. Haka kowa ya jingina kayan a kan wani, duk Turawa ta sani, duk Zoza ta sani, har mai kitso ta sani, uban kaɗai ne yake can yana zaɓar mana rigunan sanyi. Da na karanta wa Gwaggo Hajo, ƙanwar Babana, wasiƙarka, sai ta riƙe haɓa ta ce, “Oh ni Hajo! Wato angon namu bai ma san ya girma ba?”

Ka tuna ranar da ka fara zuwa fadamar Babana? Irin wannan lokacin ne, ana tsakar dafa mazarƙwaila. Doki yana zagaya injin matse rake, ruwan yana tsiyaya, manyan kasake suna tafasa, ƙamshi ya cika fadama har bakin hanya. Ka zo da farin kaftani wai sayen mazarƙwaila aka aiko ka, alhali duk wanda ke wurin ya san abin da ka zo saye. Na kawo wa ma'aikata fura. Don ka burge ni, ka ɗebo mazarƙwailar da aka zuba yanzu ba ta huce ba, a kan ɓawon rake, ka juye mini a tafin hannu. Zafin da na ji! Na cije leɓe don kada in ba da kai gaban mutane, kai kuwa ka rikice, ga Baba a tsaye, ba damar ka kama hannun ka hura. Sai ka sunkuyar da kai ka ce a hankali, “Wallahi wata rana sai na sa miki dusar ƙanƙara a tafin nan, ta biya wannan ƙunar.” A lokacin ban ma san mece ce dusar ƙanƙara ba, na dai ji muryarka tana rawa, na ce a raina wannan shi ne mijina. Tabon ya daɗe da ɓacewa, amma na san kai ba ka manta ba. Na san tikitin nan alkawarin fadama ne ka zo cikawa, shi ya sa nake rubutu ina murmushi hawaye yana ɗiga a kan takarda.

Yanzu ga roƙona, ya hasken ɗakina. A ƙarshen wasiƙarka ka ce in tsoron jirgi ya hana ni, abokin aikinka Gwadabe yana ta zuga ka ku tafi ku biyu, kada naka tikitin ya mutu a banza. Ban ga laifin Gwadabe ba, gwauro ne, ba abin da ya ajiye a gida sai tabarma. Kuma na san shekarun da ka yi kana kwance ƙarƙashin jirage, kana gyara su suna tashi da wasu su bar ka a ƙasa da baƙin mai a hannu. Na san yadda ranka yake son ganin garuruwan nan, an kuma ce tafiya mabuɗin ilimi. Duk da haka ina roƙonka ka bar tikitin ya mutu. Ka zo gida. Ina jin tsoro, ya mijina, ban taɓa gaya wa kowa ba sai kai. Haihuwar fari ce, mata suna ba ni labarai, wasu na dariya, wasu ba na dariya ba. Na san ba za a bar ka ka leƙo ɗakin ba, ba a ma yi, kunyar Babana ba za ta bar ka ka wuce zaure ba. Abin da nake so kawai, ranar da abin ya taso, in san tsakanina da kai babur ne, ba teku ba.

Kuma kada ka ɗauka asara za ka yi, don ni ma ina da nawa katunan, sai dai ba a buga su a takarda ba. Wa ya gaya maka Zoza ba wurin zuwa ba ce lokacin sanyi? Zo ka ga fadama da sassafe, raɓa ta sauka a kan ganyen rake, hayaƙin masu dafuwa yana tashi a miƙe, lambunan tumatir da albasa kore shar har iyakar ganinka. Zo ka zauna jin wuta da hantsi, a tura maka dankali cikin toka, ka ɓare yana tururi, ka kora da kunun gyaɗar bana. Rumbuna sun cika, amare suna ta tarewa, ko'ina ka juya kiɗa ne. A Rum akwai wanda zai ce maka sannu da zuwa, ɗan gidan wane? A Suwizalan akwai mai ajiye maka ƙanzon tuwo? An ce garin masoyi ba ya nisa. Naka kuwa ko fasfo ba ya bukata, motar Karaye ce, sai ɗan abin da babur zai ƙarasa.

Gwaggo Hajo, wadda ita za ta yi mini wankan jego, ta ba ni saƙo, ta ce in rubuta yadda ta faɗa kada in sa masa zuma: “Ki gaya wa mai jirgin sama, ruwan wanka ba ya tafasa da hoto. Kwana arba'in za a yi ana hura wuta safe da yamma, cikin wannan ɗari. Itace muke so mai kyau, na marke ko na ƙirya, ba karan dawa ba, da kanwa, da kayan yaji, da ƙafafun sa na ƙauri. Mutumin da ya san hanyar Rum ba zai ɓata a hanyar masu itace ba.” Ka ji ta. Ni ba ruwana, 'yar aike ce.

Katunan kuwa na jera su a bango, saman gadona. Jiya da la'asar na ɗauko na Santambul na ɗora a kan cikina ina ba mutumin labari, ina ce masa ga inda ubanka ya so kai mu. Wallahi sai ya yi harbi, katin ya zame ya faɗi! Ban sani ba ko murna yake yi ko cewa yake a jira shi. Ni dai na fassara masa da cewa a jira shi. Masallacin da ya yi ɗaruruwan shekaru a tsaye ba zai gaji da jiranmu ba, ƙanƙara kuma kowace shekara tana sauka. In da rai da rabo za mu je mu uku, ka cika alkawarinka, in miƙa maka tafin hannuna a farfajiyar nan gaban tantabaru.

Amma bana juyi ne, ya abin alfaharina, bana ni ce mai bayarwa. Kai ka yi alkawarin sa mini abu mai sanyi a hannu. Ni kuwa, in Allah ya sauke ni lafiya, zan naɗo abu mai ɗumi cikin zanen da ka fi so, in ba Gwaggo ta fito da shi zaure ta ɗora maka a hannuwanka biyu, ni ina leƙe ta bayan asabari ina kallon fuskarka. A nan zan gane ko akwai wani gari a duniya da za ka so a ce kana can.

Ka zo, kada ka aiko. Ka kuma biya ta wajen masu itace.

Taka jiya a fadama, taka yau a Zoza, taka gobe duk inda jirgi ya sauke mu, har ranar da za a daina sanyi a duniya,

Lauratu.