A Bar Mahaifina Ya Taɓa Bangon Zauren Ƙofar Gabas

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Kula da Ganuwa da Tsofaffin Gine-ginen garinmu na asali.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, sunana Hadiza. Atamfa nake sayarwa a Babbar Kasuwar Kaduna, gidanmu yana Hayin Banki. Sau biyu ina aika saƙo ofishinka, shiru kake ji, ni kuwa na kasa zaune na kasa tsaye. Shi ya sa na fito fili.

Mahaifina, Malam Sule, magini ne ɗan magini. A cikin ganuwar garinmu aka haife shi, neman abinci ya kawo shi Kaduna. Shekara uku ke nan da idonsa ya rufe. Tun bayan azumi ya addabe ni, wai sai na kai shi ya gaida ubansa, alhali uban ya rasu tun ba a haife ni ba. Abin da yake nufi shi ne yaɓen cikin zauren Ƙofar Gabas, wanda kakana ya yi da hannunsa. Kakan nawa ya rasa yatsa ɗaya tun yana saurayi, don haka duk inda ya ja yaɓe, sawu uku za ka gani maimakon huɗu.

Ran Asabar, mako uku da suka wuce, na rufe shago muka shiga mota a Kawo. Tsakani da Allah kun yi ƙoƙari. Ganuwa tana tsaye, rijiyoyin marina suna aiki, tsohon masallaci ko tsagewa babu. Ina faɗa wa Baba abin da nake gani, shi kuwa jan hannuna kawai yake yi, shi dai zaure.

Kukana na farko: mun tarar an ja igiya a gaban bangon, da allon da ya hana taɓawa. Baba ya miƙa hannu, mai gadi ya riƙe shi a wuyan hannu, a gaban baƙi masu ɗaukar hoto. Dattijo mai furfura! Wallahi sai da na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na biyu: na yi bayani, na roƙa, na nemi ganin babba. Aka ce yana taro. Muka zauna a dakali tun azahar har bayan la'asar, ba wanda ya leƙo. Daga ƙarshe mai gadin, don tausayi, ya ba ni shawara in ɗauki hoton bangon da waya in nuna wa Baba a gida. Hoto fa, ranka ya daɗe, ga makaho. Ban ga laifinsa ba, abin da kuka ce ya yi shi ya yi.

Na uku: ita kanta dokar. Na san hannun jama'a yana cinye bango, ban ce a sakar wa kowa ba. Amma wa ya tsayar da zauren nan har kuka same shi? Duk bayan damina magina ne suke bin bayansa da hannu suna sabunta yaɓen waje, kuma Baba yana cikinsu kafin ya bar gida.

Ni na ga sawun nan uku, a hagu, daidai kafaɗa. Na rantse wa Baba suna nan. Ya ce ni ce na gani, ba shi ba. Tun da muka dawo abinci sai na yi da gaske yake ci, yini yake yana shafa bangon simintin tsakar gida, daga ƙofar ɗaki zuwa bakin famfo, ya koma. Ƙafafunsa sun fara kumbura, ban san tafiya nawa ta rage masa ba.

Roƙona kaɗan ne. Ku sa mana rana, ku ɗaga igiyar minti biyar, ku tsaya a kansa in kuna so, zai wanke hannu ya goge. Sannan ku sama wa makafi hanya a dokarku, don ba shi ne na ƙarshe ba.

Allah ya taya ka riƙo, ya ja zamaninka, ya bar maka ganinka har tsufa. Ka taimaka ka amsa da wuri. Baba ya hana a kwance jakarsa, tana nan a bakin ƙofa da takalmansa a kai.

Wassalam.

Hadiza 'yar magini,
Hayin Banki, Kaduna.