Aikin Binciken da Habibu Ya Samu

Yaya Musa,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya aiki, yaya zaman Fatakwal? Ina fatan Anti Rabi da yara suna lafiya. Mu nan Hadejia lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Wasu masu bincike sun zo nazarin ambaliya a gonakin shinkafa na Auyo, suna neman mataimaki ɗaya. Ni da Habibu ɗan Baffa muka je ganawa. Suka tambaye ni mene ne samfur. Na ce mutanen da ake zaɓa su wakilci al'ummar bincike, wato dukkan manoman da nazarin ya shafa. Na bayyana hasashe, amsar da mai bincike yake zato kafin ya tattara bayanai. Ban kuskure ko ɗaya ba.

Habibu kuwa, wanda ni na koya masa waɗannan kalmomi a makaranta, tambayarsa aka yi ko yana da babur, kuma ko ya iya tuƙa kwalekwale. Shi suka ɗauka.

Yaya, na yi masa murna a baki, amma abin yana cina. Jiya ya zo yana dariya, wai: "Malam, maimaita min hasashen nan." Na maimaita masa, don Inna tana zaune.

An ce za su ƙara mutum bayan girbi. Don Allah ka ba ni aron babur ɗinka da ke zaure. Kwalekwale kuma, dole Habibun zan roƙa ya koya min.

A sa ni a addu'a. A gaida Anti.

Ƙaninka,
Sadisu