Ranar da Na Ƙwace Hannuna

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya Inna da ciwon gwiwarta? Ya Auta? Ni lafiya lau, sabulun gidan wanki ne dai ya cinye min yatsu, amma da sauƙi.

Albishirinki! Na shiga ajin koyon kare kai. Malamarmu, wata tsohuwa 'yar firit, ta haɗa kokawa da naushi da shuri wuri ɗaya. Kullum takan ce, "Ɗauki abin da ya dace da jikinki, ki bar sauran. Wadda ta koma gida lafiya ita ta yi nasara."

Shekaranjiya a tashar bas wani ƙato ya cafke min hannu. Yaya, kafin in yi tunani na murɗe hannuna ta wajen babban yatsansa na ƙwace, na kwarma ihu, na faɗa shagon mai burodi a guje. Ina shiga kuwa sai dariya! Da na ba Malama labari, ta ce gudun nan ya fi komai burge ta.

Don Allah kada Inna ta ji zancen tashar. Ki ce mata 'yarta ta yi ƙarfi, ta ci gaba da sa ni a addu'a.

Allah ya sada fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki