Na Gudu Daga Rana, Matata Kuma Tana Haɗa Kaya

Hajiya Sa'adatu, don girman Allah ki taimake ni kafin ranar Lahadi, don in ta wuce ban san inda zan sa kaina ba.

Ni tela ne a Tasawa, amma asalina ɗan Kanan-Bakashe ne. Tun ina ƙarami nake bin mahaifina gona, rana ta gasa ni, ta juya ni, ta sake gasawa. Ranar da na mallaki keken ɗinki na ce ni da rana sai dai gaisuwa daga nesa, kuma na cika alkawari. Shagona yana can ƙuryar layi, ba taga, sai ƙwan lantarki. Ina shiga bayan asuba, masallaci bango ɗaya ya raba mu, ba na kama hanyar gida sai magariba. Mahaifiyata har alfahari take a bakin rijiya, wai ɗanta aikin inuwa yake.

To wata huɗu ke nan dasashina ya kumbura. In na sa asuwaki sai jini, in na ciji abu mai tauri sai jini. Da na ga haka sai na ajiye asuwakin gaba ɗaya, na ce bari wurin ya huta. Bai huta ba, sai ma baki ya fara warin da ni kaina nake ji. Ni da aka sani da dariya har da buga ƙafa, yanzu murmushi nake da baki rufe.

Babban tashin hankalina matata ce, Nasiba. Shekararmu ɗaya da aure, kuma kunya ta hana ni gaya mata. Ta gasa masara, na ce na ƙoshi. Ta dafa nama, na shanye romo na bar tsoka. Ta sa aka sayo kilishi, na lallaɓa na kai wa maƙwabcina. In ta matso za mu yi hira sai in kawar da kai. Ita kuwa ta yanke cewa girkinta ne ba na so. Ta sake daddawa, ta sake mai, har tukunya ta sake. Shekaranjiya ta ce ranar Lahadi za ta tafi garin Cake wurin innarta a sake koya mata girki, kuma ba ta faɗi ranar dawowa ba. Wallahi Hajiya miyarta ba ta da na biyu, kuma ina sonta, ba na son ta tafi.

Wani malamin lakkwal, wato makarantar boko, da ya kawo ɗinki ya ce rashin shan rana ne ke damuna. Na ce me ya haɗa kifi da kaska? Amma sai na tuna mahaifina, shekara saba'in yana cikin rana, har yau aya yake taunawa garas-garas. Shin gaskiya malamin ya faɗa? Kuma yaya zan yi da Nasiba?

Naki,
Tela Mai Gudun Rana, Tasawa

Ɗana Tela,

Ka sa ni dariya, ka kuma ba ni tausayi. Gudun gara ka yi, ka faɗa gidan zago.

Malamin ya faɗi gaskiya, amma rabinta. In hasken rana ya taɓa fata, jiki yana haɗa bitamin D. Shi ke taimaka wa ƙashin da ke riƙe da haƙori ya yi ƙarfi, yana kuma taimaka wa dasashi ya jure ƙwayoyin cuta. Wanda ya yi shekaru a ƙuryar shago zai iya rasa shi, ko da rana na ƙuna a ƙofarsa. Ban ce ka koma gasuwa da tsakar rana ba, don gudun da ka yi mata yana da dalili. Hantsi za ka sha. Fito da kujera bakin layi, naɗe hannun riga, ka yi aikin hannu kamar sa maɓalli na minti ashirin ko talatin. Ka riƙa cin ƙwai da kifin sardin in ya samu, da lemo da tumatir.

Ɗaya rabin kuwa aikinka ne. Yawancin jinin dasashi daga dattin da ke taruwa a gindin haƙori yake, ajiye asuwakin da ka yi shi ya ƙara ɓata lamarin, shi ya kawo warin. Koma wa asuwakin yau, ka tauna bakinsa ya yi laushi, ka goge a hankali safe da yamma ko da ka ga jini. Ka je asibiti cikin wannan mako a duba bakin, a kankare abin da ya daskare, a gwada sukari. Kada ka sayi ƙwaya a tebur da sunan bitamin.

Kunyarka na gane ta, ba wanda ke son amaryarsa ta ji warin bakinsa. Amma Nasiba ma ba ta yi laifi ba. Mace ta ga an bar namanta a kwano, an juya mata ƙeya, me kake so ta zata? Wata huɗu tana hukunta tukunyarta a kan laifin dasashinka. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ka koma gida da wuri yau, ka zaunar da ita, ka buɗe bakin nan ka nuna mata. Za ta yi maka faɗa, wataƙila ta yi dariya, ka haƙura da duka biyun, ka kuma faɗa mata abin da ka faɗa mini game da miyarta. In har yanzu tana son zuwa Cake, ka raka ta ku gaida inna tare, ku dawo tare.

Allah ya ba ka lafiya, ya bar ku tare cikin dariya.

Hajiya Sa'adatu